Bek na roba, na ebonit, na ƙarfe ko na kiristal: wanne zai fi maka a Damagaram?

Duk wanda ya ɗan kwana biyu yana busa sakso ko kilarinet akwai ranar da zai fara zargin bek ɗinshi, wato wannan bakin da ake ɗaura ma anshi, ɗan siririn karan nan da ke kaɗawa ya fidda sauti. Sai ka ji yaro ya ce yaya ni fa sautina ya ƙi fita, ko in sayi na ƙarfe irin wanda na gani a bidiyo? wani kuma ya tara jika 70 yana ta waswasi tsakanin ebonit (baƙin roba mai tauri) da kiristal (na kwalba) har kuɗin su narke a hannu. To ƙannena ga abin da na sani, kuma tun farko in faɗa maku inda na tsaya: ba abin da aka ƙera bek da shi ke fara yanke hukuncin sauti ba, yadda aka sassaƙa cikinshi ne da irin anshin da ka ɗaura mashi. Inda roba ko ƙarfe ko kwalba ke da magana sosai shi ne wajen jure ranar garin nan da ƙurar hunturu da faɗuwa ƙasa, kuma a inda da wuya ka samu mai gyaran bek in ya lalace wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Abin da za ka duba kafin ka fidda ko dala

Na farko buɗin baki, wato ɗan ratar da ke tsakanin ƙarshen anshi da ƙarshen bek in ka kalle su ta gefe. Da milimita ake auna shi kuma bambancin ɗan mitsitsi ne a ido amma a leɓe babba ne. Yamaha 4C na sakso alto buɗinshi 1,60 ne, na kilarinet 1,05, Vandoren 5RV 1,065, B45 kuma 1,195, shi ko Otto Link 7* na sakso tenor, wanda ya fi alto girma, ya kai wajen 2,67. Ƙaramin buɗi yana da sauƙin riƙewa, sauti ba ya yawo, kuma yana son anshi mai ɗan tauri. Babban buɗi yana ba ka ƙara da damar lanƙwasa sauti yadda kake so amma yana shan iska, yana gajiyar da leɓe, kuma sai da anshi mai laushi. Ka kula fa lambobin nan da ake rubutawa a jiki ba ɗaya ba ne tsakanin kamfani da kamfani, 5 na Meyer daban 5C na Yamaha daban, kamar dai tiyar wannan kasuwa da ta waccan, suna ɗaya awo daban, saboda haka milimita za ka tambaya ba lamba ba.

Na biyu cikin bek ɗin. Ka ɗaga shi sama ka leƙa ta inda anshi ke kwanciya, rufin nan da ke fuskantar anshi in ya matso kusa da shi iska na fita da gudu, sauti ya yi kaifi ya yi tsini, in ko ya yi zurfi ya ja baya sai sauti ya yi taushi da duhu. Haka ɗakin da ke can ciki, babba na ba da sauti mai faɗi, ƙarami na tattara shi wuri ɗaya. Wannan ne dalilin da ya sa za ka iya samun bek na ƙarfe mai sanyin murya, ka kuma samu na ebonit mai tsaga kunne.

Na uku, wanda mutane ke mantawa da shi, anshin da za ka iya samu. Anshi kara ne da ake nomawa, mafi shahara a yankin Var na kudancin Faransa, ba abin da za ka shiga kasuwar Dole ka ɗauko ba ne, masu algaita su ne suka huta da wannan wahala don su da kansu suke gyara nasu. Mu sai an yi saƙo Yamai ko Kano ko a jira mai zuwa daga waje. Kwalin Vandoren na kilarinet da alto guda 10 ne a ciki, na tenor guda 5, kuma in ka sayi bek mai son anshi lamba 2 alhali abin da ke zuwa hannunka kullum lamba 3 ne, wanda ya fi shi tauri, to ka sayo ma kanka ciwon kai.

Sauran su ne kuɗi, ƙarko, sauƙin busawa, da haɗarin a sayar maka da jabu ko wanda bai dace da kayanka ba. Farashin da zan kawo na can Turai ne a kan ƙiyasi, yuro ɗaya sefa 656, ban sa kuɗin kawowa da ribar mai kawowa ba.

Roba

Nan sai an raba gida biyu. Akwai wanda ke zuwa cikin akwatin sakso mai araha, ba suna ba lamba, wannan sa'a ce kawai, da yawansu teburin da anshi ke kwanciya bai miƙe ba, gefunan biyu ɗaya ya fi ɗaya kauri, yaro ya yi ta fama da ƙugi da fito yana zaton shi ne bai iya ba har ya ajiye busa. Akwai kuma roba mai suna, wanda kowa ya sani shi ne Yamaha 4C, wajen jika 25 zuwa 30. Wallahi a kuɗinshi ban san abin da ya kai shi ba. Inji ne ke fitar da su iri ɗaya, in naka ya ɓata ka sayi wani za ka tarar kusan shi ne, yana amsawa da wuri da anshi 2 ko 2,5, sauti na zama daidai, rana ba ta canza mashi kala kamar ebonit. Aibinshi haƙori na cin samanshi da sauri, in ya faɗi kan siminti ta baki zai iya ɓantarewa, kuma in busarka ta yi nisa za ka ji kamar akwai iyakar da ba ya wucewa wajen ƙara da kaurin murya. Amma ɓarar jika 25 ba ɓarar jika 120 ba ce.

Ebonit

Shi ne wanda mafi yawan manyan masu busa ke amfani da shi, musamman a kilarinet da alto. Ɗanyen roba ne da aka dafa da farar wuta mai yawa har ya yi tauri ya yi baƙi, ana aiki da shi tun wajen tsakiyar ƙarni na 19, kuma sassaƙa shi ake yi, shi ya sa ake iya fitar da gefuna siriri masu kyau. A kilarinet sunan da za ka fi ji Vandoren ne, kamfanin Paris da aka kafa a 1905, B45 ɗinsu ya fito tun 1968 kuma har gobe shi ne na kowa da kowa, wajen jika 60 zuwa 80. 5RV ya fi shi ƙaramin buɗi, ya fi sauƙi ga mai tasowa da kuma mai dogon fareti, M30 yana tsakiyarsu da 1,15 da murya mai taushi. A alto akwai Selmer S80 C* mai ɗaki murabba'i, sautinshi tsaf yake kuma yana haɗuwa da na jama'a ba ya fita zakka, akwai Vandoren AL3 mai buɗi 1,52, sai Meyer 5M ga mai son jaz da kiɗan rawa. Selmer da Meyer ka shirya jika 100 zuwa 130. A tenor kuma Otto Link Tone Edge.

Daɗin busawa kam babu magana, a baki ma ya fi laushi ga haƙori. Matsalar ita ce ebonit da ranar Damagaram ba sa ga maciji. Farar wutan nan da ke cikinshi rana da zafi na jawo ta waje, sai ka ga bek baƙi wuluk ya fara komawa ruwan ƙasa, daga nan ya yi kore-kore, in ka sa a baki ka ji ɗan ɗaci da wari kamar na ashana. Canjin kala shi kaɗai ba ya kashe sauti, muni ne kawai, amma zafi mai tsanani na iya karkatar da teburin, kuma in tebur ya karkace iska ta fara zurarewa shikenan. A watan Afrilu da Mayu da zafi ke haura digiri 40 a inuwa, ka yi tunanin abin da ke cikin akwati baƙi da aka ɗaure bayan moto aka bari a ƙofar gidan biki, ko aka rataye a ɗakin kwano tun safe. Na taɓa ganin B45 na wani yaro da ya wanke shi da ruwan jarkar da ta wuni a rana, kafin ya goge shi ya bushe rabinshi ya koma kalar zaitun, daidai inda ruwan ya tsaya har layi ya fito.

Sai haɗarin jabu, don sunayen nan da suka yi fice ana kwaikwayonsu sosai. In aka ce maka ga Selmer sabo dal a jika 15 kar ma ka tsaya ciniki. Na hannu kuma, wanda ake cewa okaziyo, ba laifi ba ne in ka duba da kyau, zan faɗi yadda ake dubawa a ƙasa.

Ƙarfe

Wannan shi ne mai ɗaukar ido, kuma shi ne yara suka fi sha'awa. Galibi tagulla ce aka shafa ma ruwan zinariya ko azurfa kamar Otto Link Super Tone Master, wasu kuma baƙin ƙarfe ne mara tsatsa kamar na Berg Larsen. Kuɗi daga jika 180 ne zuwa sama, wasu sun ninka haka. Wajen ƙarko shi ne sarki a nan, rana ba ta karkatar da shi, kala ba ta gudu, za ka iya wanke shi hankali kwance. Amma kar a ce maka ba ya lalacewa, in ya faɗi ta baki ba ya fashewa sai dai ya lotsa, kuma lotsewar da ko ido bai gani sosai ta isa ta hana anshi rufewa, gyaranta kuma aikin gwani ne ba na maƙeri ko mai walda ba. Ruwan zinariyan ma yana gogewa da shekaru. In ya sha rana kuma sai ka jira ya huce kafin ka kai baki, da asubar hunturu ko sanyi ƙarara.

Yawancinsu sun fi ebonit siranta, saboda haka ligatir ɗinka na da, wato zoben da ke ɗaure anshi a jikin bek, ba zai kama ba, ka tabbata an haɗo maka da nashi da hularshi. Kuma da yake da yawa daga cikinsu an yi su ne da babban buɗi da rufi mai matsowa, suna da ƙara, a orkes inda gita da batiri da bafil ke danne kowa wannan alheri ne, mai tenor zai ji kanshi. A fanfar kuma in kai kaɗai ke da shi cikin layi sai muryarka ta yi ta tsinkewa daga ta jama'a, shugaban busa na harararka. Wanda bai kai shekara biyu yana busa ba ni dai ban ba shi shawara, leɓe bai ƙosa ba, zai dinga cizo don ya riƙe sauti kuma cizon nan in ya zama ɗabi'a fitarshi da wuya. A kilarinet kuwa ka manta da ƙarfe kawai, kusan ba mai amfani da shi yanzu.

Kiristal da katako

Kiristal na ƴan kilarinet ne, wanda aka fi sani Pomarico na Italiya, wajen jika 70 zuwa 110. Abin mamaki ta wani fannin shi ya fi dacewa da yanayinmu, zafi ba ya taɓa shi, haƙori ba ya cinshi, datti ba ya ɓuya don kana ganin cikinshi tar. Faɗuwa ɗaya ce dai ba ta biyu. Mai busa a zaune cikin ɗaki zai iya more shi shekaru, mai fareti da hawa bayan mota zuwa Mirriya ko Magariya biki ya rufa ma kanshi asiri. Kuma ko lamba ɗaya ce kowanne da ɗan halinshi, sayenshi ba tare da gwadawa ba kasada ce.

Katako ba sai mun ɓata lokaci ba, bushewar hunturu ga kuma danshin numfashi a ciki, tsagewa zai yi.

Iri | Kuɗi | Jure zafi | In ya faɗi | Sauƙin busawa | Babban haɗari
Roba mara suna | kyauta cikin akwati | da dama | ya ɓantare | sa'a ce | tebur a karkace
Roba mai suna | jika 25 zuwa 30 | da kyau | ya ɓantare | mai sauƙi sosai | haƙori na cinshi
Ebonit | jika 60 zuwa 130 | rauni | ya ɓantare ko ya tsage | mai daɗi | rana, ruwan zafi, jabu
Ƙarfe | jika 180 zuwa sama | sosai | ya lotsa | sai wanda ya ƙware | tsada, ligatir na daban
Kiristal | jika 70 zuwa 110 | sosai | ya tarwatse | matsakaici | faɗuwa

Yadda za ka gwada kafin ka biya

Ka fara tabbatar da girman, na alto ba ya hawa tenor, na kilarinet si bemol daban da na ƙaramar mi bemol, kuma kilarinet ɗin da ke hannunmu tsarin Faransa ne, bek na tsarin Jamus anshinshi ma daban ne, masu saƙo ta intanet a kula. Daga nan ka fita haske ka kalli bakin da gefunan nan biyu, su zama kauri ɗaya, ba tsaga ba ɓantara, ka bi da farce a hankali in ya maƙale a wani wuri akwai rauni. Sai ka jiƙa anshi mai kyau ka ɗaura, ka toshe ƙasan bek da tafin hannu, ka zuƙe iskar ciki ka cire baki da sauri, in lafiya lau ne anshin zai manne na ɗan daƙiƙa ɗaya ko biyu sannan ya saki da ɗan ƙara fat, in bai manne ba sam iska na zurarewa, ko dai anshin ne ko teburin, ka canza anshi ka sake, in aka maimaita ka mayar ma mai shi. Sannan ka busa can ƙasa a hankali, si bemol na ƙasa a sakso ba tare da ƙarfi ba, don kowane bek na iya ihu, a sanyin busa ne ake gane na kirki. Ka sa wani ya tsaya nesa ya saurara maka don abin da kake ji cikin kanka ba shi jama'a ke ji ba.

Kulawa, ko wanne ka saya

Da ka gama busa ka cire anshi ka goge shi ka sa a gidanshi, barinshi manne a bek har gobe shi ke kawo baƙin datti da wari, kuma a bushewar nan tamu bakinshi na yin kwarkwaro. Bek ɗin ka ɗauraye da ruwan randa mai sanyi, sau ɗaya a sati ka ɗan sa sabulu mara ƙarfi da tsumma mai laushi. Ebonit ban da ruwan zafi, ban da alkol, ban da ojabel. Ƙurar hunturu yashi ce, in ta kwanta kar ka murje ta a bushe don tana karce gefuna, ka fara zuba ruwa ta tafi. Farin abin nan mai tauri da ke taruwa a gefe daga yawu yake, ka jiƙa auduga da binegir da aka sirka da ruwa ka ɗora a wurin na ƴan mintoci sai ka goge ka ɗauraye, kar ka kuskura ka kai mashi reza ko wuƙa. Tsumman da ake ja ta ciki mai ɗan ƙarfe a igiya shi ma a yi hankali kar ƙarfen ya daki baki.

Mu da shayi ba a raba mu, amma sikarin nan da goro duk cikin bek suke ƙarewa, ka kurkure baki kafin ka fara. Ka liƙa ɗan facin roba a sama inda haƙori ke sauka, arha ne kuma shi zai ci wahalar maimakon bek. Hula kuma kullum, ko minti biyu za ka ajiye kayan ka je ka dawo, don yawancin bek ba a wajen busa suke mutuwa ba, a jingine suke wani ya taka waya ko yaro ya gifta. Kar ka tura bek da ƙarfi kan toshiyar da aka naɗe wuyan sakso da ita in ta bushe, ka shafa man da aka yi dominta, tilastawa na tsaga gindin ebonit, kuma ka cire shi bayan aiki kar toshiyar ta lanƙwame. Da zafi kayan busa na hawa sama da sautinsu, ka ɗan jawo bek ɗin waje a sakso, a kilarinet kuma ganga ake ja, ba lalacewa ya yi ba. Masu karɓa-karɓa da kayan ƙungiya, sakso a yi tarayya ba komai, amma kowa ya nemi bek da anshinshi, ko don ciwon baki da mura.

To wa zai sayi wanne

In yanzu ka fara ko kana saya ma ɗanka, Yamaha 4C da anshi 2 ko 2,5, ragowar kuɗin ka zuba a kwalin anshi, shi zai fi yi maka amfani. In kana fanfar kana yawan fita rana da fareti, 4C ɗin dai ko 5C ya zama na fita, in kana da ebonit ka bar shi na cikin ɗaki. Mai kilarinet da ya yi shekara biyu uku yana son gyara murya, 5RV in leɓenka na saurin gajiya, B45 in kana da iska kana son faɗi, da sharaɗin kana da inda za ka ɓoye shi daga rana. Mai alto da ke karatun nota ko busa cikin jama'a S80 C* ko AL3, mai alto na orkes Meyer 5M ko 6M. Mai tenor da ke busa gaban bafil duk ƙarshen sati kuma busar na kawo mashi kuɗi, shi ne kaɗai zan ce ya tara ya sayi ƙarfe, ya fara da buɗi matsakaici kamar 6* ko 7 na Otto Link kafin ya haura, kuma ya gwada na ebonit mai kaifi tukuna don sau da yawa yana biyan buƙata a rabin kuɗin. Kiristal sai mai kilarinet na zaune wanda ke da wani bek a ajiye. Wanda kuma anshi ne ke mashi wuyar samu, ya nemi na roba irin Légère na Kanada guda ɗaya daidai da buɗin bek ɗinshi, kuɗinshi ya kusa na kwali guda amma ba ya buƙatar jiƙawa, hunturu ba ya busar da shi, yana yin watanni in ana wanke shi ana mayar da shi gidanshi.